Filin wasan yara a ƙauye: da me ake farawa, me ke kashe shi?

Sakataren ƙungiyar matasa, yankin Ringim:
Assalamu alaikum. Wani dattijo ya ba mu fili a bayan makarantar firamare, tsawo mita 75, faɗi 50. Muna son filin ƙwallo na yara, da lilo, da wurin wasan 'yan mata. Kuɗin da aka tara bai taka kara ya karya ba, amma akwai matasan da za su fito gayya, akwai baro da shebur, akwai mai walda a kasuwar da ke kusa da mu. Waɗanda suka san aikin, da me ake farawa?

Tsohon ma'aikacin ƙasa da safiyo:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, kada ku sayi ko buhun siminti ɗaya sai kyautar nan ta hau takarda. Filayen wasa da yawa magada ne ke kashe su: mai kyauta ya rasu, a zo rabon gado, a wayi gari an yi shuka a tsakiyar fili. A rubuta iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, dattijon ya sa hannu, manyan 'ya'yansa maza da mata su sa, sai mai unguwa da dagaci da liman. A kai wa hakimi, a kai sashen filaye na ƙaramar hukuma, domin a dokar filaye ta 1978 ita ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Sannan a kafa turakun kankare a kusurwoyi huɗu. Bishiya da kunya ba iyaka ba ce, ana sare ta, ana gusar da ita.

Kafin nan ku zagaya da tsofaffin gari. Su ne suka san inda aka binne tsohuwar rijiya ko masai, da inda burtali ya bi. Idan akwai kududdufi kusa, ko wayar lantarki ta ratsa ta sama, a matsa.

Malamin makaranta, jihar Maraɗi:
A wajenmu Nijar hukumar filaye ta ƙauye, wadda maigari ke shugabanta, ita ke ba da takardar shaidar kyauta, bisa tsarin dokar karkara ta 1993. Shawarar Baba daidai take ko'ina. Abin da zan ƙara: a rubuta filin da sunan gari ko na makaranta. Ƙungiyar matasa tana iya watsewa, shugabanta ya tafi cirani da takardar a aljihu.

Magini, Funtuwa:
Bayan takarda sai ruwa. Wanda ya ga fili da rani bai san shi ba. Ku tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta da inda yake bi ya fita, ku kafa turke a wuraren. Aikin kansa a yi shi bayan kaka, lokacin da mutane suka huta da gona kuma ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba.

Filinku ba zai ɗauki na manya ba, wanda yake mita 105 da 68, kuma yaran firamare ba sa bukatarsa. Ku fitar da mita 55 da 37, na 'yan wasa bakwai-bakwai. Zai bar muku kusan mita 20 a ƙarshe ɗaya domin lilo da sauransu. In fili ya ba da dama, tsawon ya kalli kudu da arewa, don kada ranar la'asar ta riƙa dukan idon gola.

Kusurwa kuwa da igiya ake fitar da ita. Daga turke a auna mita 6 ta gefe ɗaya, mita 8 ta ɗaya gefen. Idan tsakanin bakunan biyu ya ba da mita 10 cif, kusurwa ta miƙe. In an gama huɗun, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, duka biyun su ba da mita 66.3 ko dab da haka.

Inda mutane ke ɓarnar kuɗi shi ne cewa sai an zuba burji a fili gaba ɗaya. Ku lissafa: kaurin santimita 10 a kan 55 da 37 ya haura kubik 200. In tifa tana ɗaukar kubik 5, sawu 40 ke nan. Ba ku da wannan kuɗin, kuma ɗanyen burji mai tsakuwa yana yanka gwiwar yaro. A sassabe tudu a cike kwari da ƙasar wurin, a bar tsakiyar fili ta fi gefe tudu da kamar santimita 18, wato gangaren santimita ɗaya a kowace mita. Siririn tiyo mai nuna ruwa ya isa awo: a cika shi, a riƙe bakunansa a jikin turaku biyu, inda ruwa ya tsaya nan ne daidai. Ciko a yi shi kashi-kashi, santimita 10, a yayyafa ruwa, a daɓe, a ƙara. Wanda aka jibga lokaci guda zai lotsa da ruwan farko. Ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa a haƙa lambatu marar zurfi, mai faɗin baki, aƙalla mita 3 daga layi.

Malamin gona, Gumel:
Ban yarda da daɓe ko'ina ba, Malam magini. A jigawa irin tamu yashi ba ya daɓuwa sai an gauraya shi da laka ko jar ƙasa, kuma a bakin raga da tsakiya kawai ake bukatar haka, inda ƙafa ta fi ci. Sauran a bar wa ciyawa. Kiri-kiri ita ce mai jure taku, ana dasa saiwarta a farkon damina, tazarar taki guda, a hana shiga mako shida zuwa takwas.

Babban abokin gaba shi ne ƙarangiya da tsidau, tunda yawancin yaran ba takalmi. A tuge su tun suna kore, kafin su yi 'ya'ya. Idan an riga an makara, a ɗaura tsohon bargo ko buhun algarara a jikin itace a ja a fili, ƙayar za ta manne, a ƙone. Sai an yi damina biyu ana haka kafin su ragu sosai. Suri kuma ba a sare kansa a bari, gara za ta sake ginawa. A haƙe har gindi, a cike, a daɓe.

Shinge: kada a dasa bini-da-zugu ko zurman, 'ya'yansu guba ne kuma yara na ci. Aguwa ma ƙaronta na cutar da ido. Zogale ya fi, ko jema a bakin lambatu don riƙe ƙasa. Darbejiya a jera ta yamma domin inuwa, mita 5 ko fiye daga layi, a kewaye kowace saboda awaki.

Mai walda, Gusau:
Raga ta yara faɗi mita 3.66, tsayi 1.83. Fayif mai inci 3. A lissafi za ku ga kamar fayif uku masu mita 6 sun isa raga biyu, amma wajen yanka huɗu ne, don kowace ƙafa tana bukatar ƙarin santimita 60 da zai shiga ƙasa. Ku binne ta da kankare. Ragar ƙarfe da aka ajiye a tsaye ba dashe tana kashe yaro: ya yi reto a saman, ta kifo masa a ƙirji ko a ka.

Lilo kujera biyu kacal a tsakanin ƙafafu, kada a sa uku. Ƙarfen sama inci 3 mai kauri, tsawo mita 3, tsayi mita 2 daga ƙasa. Ƙafafu inci 2, a buɗe su gaba da baya. Tsakanin kujera da kujera santimita 60, tsakanin kujera da ƙafa 75, kujera ta tashi 40 daga yashi. Kowane rami santimita 50 da 50, zurfi 70. A walda guntun rodi a gicciye a gindin fayif don kada ya juya ko ya zare. Kwaɓi: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kusan buhu guda a kowane rami. A yi kwana bakwai ana ba shi ruwa, kuma kada a rataya sarƙa sai kwanakin sun cika, domin yara ba za su jira ba.

Inda lilo ke mutuwa shi ne maratayi. Idan sarƙa tana goga zoben rodi kai tsaye, ƙarfe na cin ƙarfe har ya tsinke da yaro a sama. A sa boris ko bushi, da noti mai kauri wanda za a iya kwancewa a canja. Kujera kada ta zama katako ko ƙarfe, tana fasa goshin wanda ya gifta. A yanko ta daga tsohuwar taya. Bakin kowane fayif a toshe saboda ruwa da zirnaƙo. Notin da ba na canji ba, a ɗiga masa walda, in ba haka ba 'yan gwangwan za su kwance.

Abin zamewa na langa-langa ban ba ku shawara ba. Daga Maris zuwa Mayu yana ƙona cinya, in ya yi tsatsa kuma bakinsa reza ne.

Ma'aikaciyar lafiya, Anka:
Malam mai walda bai faɗi ƙasan lilon ba, kuma karaya da fashewar kai daga nan suke zuwa. Fako da daɓe ba sa yafe faɗuwa. A haƙe wurin santimita 30 a cike da yashin rafi wanda aka tankaɗe. Gaba da baya kowanne ninki biyu na tsayin lilo, wato mita 4 da 4 ga mai mita 2. Faɗi mita 4. Yashin ya kusa kubik 10. Kan kankaren ya nutse a ƙarƙashin yashin, kada ya leƙo.

Ku san inda aka ɗebo yashin. Mu nan Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya. Yashi ko ƙasa daga inda ake niƙa ko wanke ma'adini kada ya kusanci filin yara. Fentin mai, musamman ja da rawaya, wani yana ɗauke da dalma. A nemi wanda aka rubuta babu ita.

Duk wata kafa a jikin abin hawa ta zama ƙasa da santimita 9 ko sama da 23. Tsakanin nan jiki na wucewa, kai ya maƙale.

Kafinta, Daura:
Tayoyi su ne mafi araha. A binne rabinsu a tsaye a jere don tsalle da taka-taka. Wadda za a kwantar a huda ta ta ƙasa wuri huɗu ko a cika ta da ƙasa, in ba haka ba gidan sauro ce da damina, maɓoyar kunama da rani. Wadda wayarta ta fito a jefar. Katakon kasuwa gara na gamawa da shi a ƙasa. Azarar giginya tana jurewa, sai dai sartsenta mugu ne, a goge ta sosai. Baƙin man da ake shafa wa katako saboda gara, a tsaya da shi a ɓangaren da zai shiga rami, ban da inda hannu ke taɓawa.

Shugabar makarantar firamare, Kazaure:
Sakatare, ɗana, ka ce wurin 'yan mata, to kada ya zama ragowar fili a bayan raga inda ƙwallo ke faɗowa. Ku ba su ɓangaren da ya fi kusa da gidaje, mai inuwa, inda uwa za ta hango daga ƙofa. In ba haka ba ba za a bar su su zo ba. Daɓaɓɓen wuri mai santsi ya ishe su gaɗa, 'yar gala-gala, carafke da tsallen igiya. Filin ƙwallon raga mita 18 da 9 ne, zai shiga cikin mita 20 ɗin nan idan aka kwantar da shi ta faɗi. Ga yara maza ƙanana, da'irar yashi da aka kewaye da buhuna ta isa kokawa da langa.

Samari za su ƙwace filin ƙwallon, wannan tabbas ne. A yanka lokaci tun ranar buɗewa, a gaban dagaci: yara daga tashi makaranta zuwa la'asar, manya bayan nan.

Magini, Funtuwa:
Hajiya ta tuna min. Daga kuɗin da kuka tara ku ware kashi ɗaya cikin goma ku ba kwamitin makaranta ya riƙe don gyara. Mutum ɗaya, wanda aka ambaci sunansa, ya riƙa zagayawa duk Juma'a: ya ja yashi da manjagara ya mayar ƙarƙashin kujerun lilo inda ƙafa ke haƙa rami, ya tsince kwalba da kashin dabbobi, ya girgiza ƙafafun raga, ya duba zoben sarƙa na sama. Zoben da ya fara sirancewa a sauke lilon a ranar, a ajiye kujerar a ofishin hedimasta har mai walda ya zo. Layi kuma da toka za ku ja shi, ko farar ƙasa. Amma ɗanyar farar ƙasa da ba a jiƙa ba tana ƙona fata da ido.