Surukata ta ce 'yata 'yar wabi ce, ku ba ni shawara

Maman Ilham, Anguwar Rogo

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Haihuwata uku. Na fari namiji, ya rasu yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ta biyu mace, ita ma ba ta kai yaye ba. Hanya ɗaya suka bi: zazzaɓi, jiki ya yi fari fat, ciki ya kumbura, kafin a ce me sun tafi.

Ashe ranar da ta biyun ta rasu surukata ta sa reza ta ɗan tsaga mata kunnen hagu kafin a yi mata sutura. Ban sani ba sai ran sunan wannan. Ta karɓe ta, ta juya kunnen hagu, ta nuna wa mata wani ɗan rami kamar hudar allura a gaban kunnen, ta ce, "Ga ta nan, ta dawo." Tun daga ranar ba ta ce mata Ilham, sai Ajuji. Yanzu watanta takwas, kuma kwanan nan bayan hannuwanta da ƙafafunta sun kumbura, ko taɓawa aka yi sai ta tsala ihu. Hajiya ta ce alamar tafiya ce, a ba ta ita ta kai ta ƙauye a yi mata tsaga a ɗaure ta. Maigidan ya ce shi ba zai yi jayayya da mahaifiyarsa ba.

Na yi Islamiyya, na san abin da aka koya mana. Amma wallahi in na kalli ramin kunnen nan gabana faɗuwa yake. Shin rai yana dawowa? Kuma yaya zan yi da Hajiya ba tare da na kashe aurena ba?

Hajiya Talatu, Gangare

Ke 'yar nan, kada 'yan boko su ruɗe ki. Wabi ba yau aka fara shi ba. Yarbawa suna da shi, abiku suke cewa, Ibo kuma ogbanje, kuma duk ƙabilun nan ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Goggona huɗu ta binne. Na biyar da aka haife shi aka kai shi kan juji aka ajiye, aka ce ba a so, wata tsohuwa ta ɗauko shi ta ce tsintuwa ta yi. Ga shi can da jikoki, yana sayar da takalma a Taminus. Ki bi surukarki, ta riga ki ganin duniya.

Sista Rifkatu, Tudun Wada

Maman Ilham, ki ajiye maganar kunne tukuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma abin da ya tayar mini da hankali shi ne hannuwan nan. Kumburin bayan hannu da ƙafa mai zafi a jaririyar wata takwas, sau da yawa shi ne alamar farko ta sikila, wato amosanin jini. Jariri yana zuwa da irin jinin da ya yi amfani da shi a ciki, shi ke kare shi, sai wajen wata shida ya ragu sosai, daga nan ciwon ya bayyana. Shi ya sa ake haihuwarsu ɓul-ɓul, a yi suna lafiya lau, sannan a fara jinya. Fari fat da kumburin ciki da kika faɗa a kan na baya, haka yake faruwa idan jini ya taru a saifa, kuma cikin awoyi yaro ke tafiya. Ban ga yarinyar ba, ba zan yanke hukunci ba, amma gobe da sassafe ki kai ta asibiti, ki faɗa wa likita yadda yayyenta suka rasu, a yi muku gwajin jinotaif, wato gwajin irin jinin da mutum ya gada, ke da ita da babanta.

Ramin kunnen kuwa, na ga irinsa ba adadi a jariran da ba a taɓa yi wa iyayensu rasuwa ba. Halitta ce, tun a ciki take samuwa, kuma takan bi dangi. Ki duba kunnuwan 'yan gidanku da na gidan mijinki. Ki kuma lura: Hajiya tsaga ta yi, wannan huda ce. Don girman Allah kada a sa wa yarinyar da ake zargin ƙarancin jini aska.

Mu ma a coci ba mu yarda da dawowa ba, Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya mutum ke mutuwa, bayan haka shari'a.

Malam Sani, Bauci Rod

Allah ya jiƙan yaranki, ya sa masu ceto ne. Amsar tambayarki ta farko: a'a. Malamai suna kiran wannan aƙida tanasuhi, kuma ba ta da gurbi a Musulunci. Karanta Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100. Wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi, aka ce masa a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar tashi. 'Ya'yanki biyu suna wajen Ubangijinsu, Ilham rai ce daban da rabonta daban.

Kamanni kuwa, a Buhari wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo. Annabi ya ce to ɗanka ma haka. Gado ke nan. Tsaga gawa kuma haramun ne, hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma kada ki ɗora wa Hajiya wa'azi, ba daga bakinki ya kamata ta ji ba.

Danladi Ticha, Bukur

Hajiya Talatu, da girmamawa, ƙabilun ba ƙarya suka haɗu a kai ba. Abu ɗaya suka gani, yara suna mutuwa a jere a ɗaki ɗaya, suka ba shi fassarar da suke da ita. Kuma duk suna zaune ne a inda sikila ta fi yawa a duniya: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon ciwon amma shi ba ya yin sa, ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ciwon a shekara. Esther Nzewi ta wallafa bincike a 2001 a kan yara 100 da danginsu ke ce wa ogbanje, gwaji ya nuna 70 sikila gare su. Ɗan goggonki kuwa, idan AS ya auri AS, kowane ciki kaso ɗaya cikin huɗu ne SS, wato mai sikila, kuma ciki ba ya tuna na baya. Ana iya jera su, ana iya samun mai lafiya a tsakani. Wanda ya rayu sai a ce juji ne ya yi aiki, waɗanda aka kai jujin suka mutu ba mai ba da labarinsu.

Turawa ma sun bi sawun abin. Ian Stevenson, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, ya shafe kusan shekara arba'in yana tattara labaran yara fiye da dubu biyu masu cewa sun taɓa rayuwa, har da masu tabon haihuwa. Masu suka sun ce yawanci ta bakin tafinta ya ji, a ƙasashen da dama an yarda da abin kamar Indiya, kuma galibi bayan dangin biyu sun riga sun haɗu sun gama hira.

Anti Bilki, Rikkos

Duk kun yi ta ilimi kun bar ta da Hajiya. Ƙanwata, matar nan jikoki biyu ta binne, tsoro ne ke cinta, ba mugunta ba. Kada ki ce mata ƙarya ne. Ki ce, "Hajiya, zo mu fara kai Ajujinki asibiti a sauke kumburin, ba ta iya doguwar tafiya a haka." Ki tafi da ita ta ji da kunnenta. Sunan kuma ki bar mata kayanta, ba ya cizo. Mijinki ki same shi ku biyu, in ya noƙe ki nemi kawunsa ko limamin unguwa.

Maman Ilham, Anguwar Rogo

Na gode, Allah ya saka. Ba a yi mana gwajin ba kafin aure, auren zumunci ne. Sista, in ya tabbata SS ce, ita ma tafiya za ta yi?

Sista Rifkatu, Tudun Wada

Rai na Allah ne, amma ina da masu sikila da na rena a asibiti, yau suna jami'a. Abin da ke kashe su da wuri rashin sani ne. Za a ɗora ta a kan folik asid da maganin kariya daga maleriya da na ƙwayoyin cuta, a cika mata rigakafi, wataƙila likita ya ƙara maganin hydroxyurea. Gidan sauro kullum, nono da ruwa sosai, kuma sanyin Jos ɗin nan na Disamba da Janairu ki rufe ta da safa da hula, wanka da ruwan ɗumi. Ki sa a nuna miki yadda ake taɓa saifa a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Zazzaɓi ya kai 38, ko kika ga tafin hannunta ya yi fari, ko da tsakar dare ne ki fita, kada ki tsaya kemis. Asibitin koyarwa na Lamingo suna ganin yara masu sikila. Ki tafi da katin rigakafinta.