Tambaya a kan aikatau "forget" da yadda ake amfani da shi

Amina_Funtuwa:
Assalamu alaikum, malamai. Ƙanena yana shirin jarrabawar WAEC, kuma a cikin wani insha'i ya rubuta "I forgot my book at home", sai malaminsu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin "forgot", ya rubuta "left" a samansa. Mun duba ƙamus mun ga cewa "forget" mantawa yake nufi, saboda haka ba mu gane dalilin gyaran ba, tunda a Hausa cewa muke yi na manto littafina a gida, kuma babu mai cewa uffan. Don Allah wanda ya sani ya yi mana bayani, ya haɗa da bambancin "forgot" da "forgotten", domin su ma suna rikita yaron.

Malamin_Turanci:
Wa alaikumus salam, Malama Amina. Malamin nasu ya yi daidai bisa ƙa'idar Turancin Ingila, wanda shi ne makarantunmu suka fi bi. A wurinsu, idan an ambaci wurin da aka baro abu, to "leave" ake amfani da shi, a ce "I left my book at home", idan kuwa ba a ambaci wurin ba, sai a ce "I forgot my book" kawai. Abin da ya ja ƙanenki shi ne Hausa ta fi Turanci sauƙi a nan, domin wasalin "o" da ke ƙarshen "manto" ya riga ya nuna cewa an baro abin a can an taho nan, alhali "forget" ba shi da wannan dabarar, a kan abin da ya ɓace wa zuciya kaɗai yake tsayawa.

Game da siffofinsa kuwa, aikatau ne da ba ya karɓar "ed" a ƙarshe. Ana cewa "forgot" ga abin da ya faru ya wuce, kamar "she forgot the date yesterday", sannan "forgotten" yana zuwa bayan "have", "has" ko "had", ko kuma a jimlar da ba a ambaci mai aikatawa ba, kamar "the matter was forgotten". Ya kula da ninka harafin "t" a "forgotten" da "forgetting", domin a nan yara da yawa suke asarar maki ba gaira ba dalili. Kalmar haɗin "for" ce da "get", tun daga tsohon Turanci inda ake cewa "forgietan", ma'anarta ta asali kuwa ita ce abu ya kuɓuce wa riƙon mutum, kuma 'yar'uwarta a Jamusanci ita ce "vergessen".

Hajiya_Binta:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ina so in ƙara abin da nake ganin ya fi wannan muhimmanci ga mai shirin jarrabawa, wato abin da ke biyo bayan kalmar. Idan mutum ya ce "I forgot to lock the door", to ƙofar nan a buɗe take, bai kulle ta ba. Idan kuwa aikatau mai "ing" ne ya biyo baya, to an riga an yi aikin, tunawa da shi ake magana, kuma an fi jin haka a jimla mai korewa irin "I will never forget meeting her". A Hausa, a maimakon jimla ta farkon, mukan ce na manta ban kulle ƙofa ba, wato da korewa a ciki, shi ya sa za ki ga ɗalibi ya cusa "not" a jimlar Turancin, ma'anar ta karkace gaba ɗaya. Ki sa shi ya rubuta jimloli a kan abubuwan gida, kamar kashe risho, rufe famfo da kai saƙon kaka, yana faɗa miki a kowace ko an yi aikin ko ba a yi ba.

Ɗan_Maradi:
Na yarda da bayanan malamai, sai dai bai kamata a sa wa yaron a rai cewa jimlarsa ba Turanci ba ce, domin a Amurka ana jin "I forgot my book at home" a bakin masu harshen, kuma ana fahimta sarai. A ɗakin jarrabawa ya bi abin da malaminsa ya gyara masa, wannan shi ne mafi aminci. Haka kuma ya san cewa Bature yakan ce "I forget his name" idan sunan ya shige masa a daidai lokacin da yake magana, ba tare da ya mayar da kalmar ta koma "forgot" ba. Sai kuma "forget it", wadda Malama za ta ja masa kunne a kanta: tsakanin abokai tana iya nufin ba komai, kada ka damu, amma idan aka faɗe ta da ɗaga murya tana nufin ka fid da rai, ba zai yiwu ba, don haka ba maganar da za a yi wa malami ko babba ba ce.