Neman kalma: me za mu kira prank da Hausa?

Mai Shirin Safe: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 na safe ina da shiri a rediyo kan samarin nan masu firgita mutane suna ɗauka a waya suna ɗorawa a TikTok, abin da suke ce wa prank. Har yanzu na rasa kalmar Hausa. Makon jiya wani yaro ya jefa macijin roba gaban gwaggona mai sayar da fura a kasuwa, ta zabura ta faɗi, ƙwaryar nono ta kife, abokinsa na gefe yana ɗauka yana ƙyalƙyala dariya. Har yau tana ɗingishi. Don Allah a taimaka kafin dare.

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Tsokana da zolaya ne suka fara zo min, amma galibi da baki ake yinsu. Shi prank shirya shi ake yi a ɓoye a aikata, shi ya sa Turawa ke kuma ce masa practical joke. Kalmar tana cikin rubutun Turanci tun ƙarni na 16, kuma a da har mugun aiki take nufi, daga baya ta yi laushi ta koma ta wasa. Wasu masana na danganta ta da pronken ta mutanen Holan, wato yin ado don a gani.

Ɗan Damagaram: Wasan shammata! Ai shammatar mutum ake yi, bai shirya ba. Mu nan ranar 1 ga Afrilu muna jin kifin Afrilu na Faransawa, inda yara ke manna wa mutum kifin takarda a baya bai sani ba. Shammata ce zalla.

Dattijon Sakkwato: Wa ya taɓa jin wasan shammata a bakin Bahaushe? Muna da wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari. Barkwanci ne sunansa. Ku daina ƙera kalma kamar Hausa marainiya ce.

Yaron Fagge: Baba, mu dai firank muke cewa, kowa na ganewa. Mota da asibiti ma ai aro ne.

Dattijon Sakkwato: Mota ba mu da ita, shi ya sa muka ara. Tsokana kuwa tun zamanin tatsuniyar Gizo muke da ita. Ku 'yan Kano kun cika Hausa da Turanci, kuna cewa taku ce daidaitacciya.

Yaron Fagge: Ranka ya daɗe, ai da ta Kano ake buga littattafai da karanta labarai.

Ɗan Damagaram: Mu da ke cewa lakwal da lokotoro, wato makaranta da likita a aron Faransanci, fa, tamu ba Hausa ba ce? Ni dai ina kan wasan shammata.

Malamar Turanci: Baba, da girmanka, barkwanci bai kama ba. Taubasai sun san juna, kowa ya san haƙƙin wasan, kuma wanda aka yi wa yana ramawa. Gwaggon nan ba abokiyar wasan yaron ba ce, ba ta ma san shi ba. Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa, kuma YouTube da kanta ta haramta irin masu haɗari a 2019. Idan aka kira wannan barkwanci a rediyo, an wanke yaran.

Mai Shirin Safe: Na gode, iyayena da 'yan'uwa. Zan ambaci prank sau ɗaya a farko don matasa su gane inda na dosa, sai in ci gaba da wasan shammata. Abin da aka yi wa gwaggo kuwa firgitarwa zan kira shi, ba zan sa masa wasa ba.

Dattijon Sakkwato: Firgitarwa na yarda da ita. Ɗayar kuwa ka faɗe ta gobe tunda lokaci ya ƙure, amma ni ban karɓa ba. A gaida gwaggo da jiki.