Na haɗa rediyon gajeren zango da hannuna, amma saiti ya gagare ni

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata uku ke nan ina haɗa rediyo don sauraron masu sha'awar rediyo, waɗanda ke hira da juna da na'urorinsu, a zangon mita 40, wato daga 7.000 zuwa 7.200 megahaz. Wasu kayan a kasuwar Sabon Gari na saya, ƙananan tiransifomomin IF (sashen tsakiya da ke tace sigina) na kilohaz 455 kuwa daga wata tsohuwar rediyon mahaifina na ciro su. Ta kama wuta, tana magana, amma tashoshin watsa labarai kawai nake ji, ga ƙugi. Da dare wasu muryoyi kan shigo kamar kukan agwagwa, ba na gane ko kalma ɗaya. Bayan minti goma kuma tashar ta zame. Ba ni da injin gwaji sai mitar auna wuta. Don Allah ta ina zan fara? Raina yana kan aikin nan sosai.

Mai gyaran rediyo, Fagge:
Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin komai, ajiye sukudireban ƙarfe. Zuciyar tiransifomomin nan, wato abin da ake murɗawa a cikinsu, kamar gawayi take, da ka matsa sai ta tsage, kuma ƙarfen kansa yana canza saitin muddin yana ciki. Fiƙe guntun roba ka yi amfani da shi. Sannan IF ake fara saitawa. Nemi tasha mai rauni, ba mai ƙarfi ba, domin mai ƙarfi tana ɓoye bambanci. Fara da na ƙarshe, mai baƙin kai, ka dawo kan mai farin kai, sannan mai rawayan kai. Juyi kaɗan-kaɗan, kunnenka na kan lasifika, inda murya ta fi tashi ka tsaya. Ka maimaita sau biyu. Tunda daga rediyo mai aiki ka ciro su, ba su yi nisa da 455 ba, kada ka yi ta murɗawa.

Malamin kwalejin fasaha, Gwale:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Tashoshin da kake ji na mita 41 ne, suna farawa daga 7.200, ke nan osileta ɗinka, wato sashen da ke zaɓar tashar da za ka kama, ta haura. Ari rediyo mai nuna lamba, ka ajiye ta dab da taka. Idan kana son kama 7.100, ya kamata ka ji osiletar a 7.555 a rediyon aron, wato 7.100 da ƙarin kilohaz 455 na IF, inda shuuu zai ɗauke ɗif. A ƙasan zango kwayil ake taɓawa, a sama kuma ƙaramar kafasita, ka yi ta kai da komowa har su daidaita. Kukan agwagwar kuwa albishir ne, mutanen da kake nema ke nan. Da SSB suke magana, wani salon aika murya da rediyon gida ba ta fassarawa, sai ka ƙara BFO, wato wata ƙaramar osileta, kusa da 455 kafin muryar ta fito. Gwada 7.074, da wuya ka rasa siririn fiton FT8, saƙon da suke aikawa da kwamfuta, a wurin da dare.

Wata ɗalibar injiniyanci:
Yaya, ƙugin nan ka zargi gidanku tukuna. Inbata, cajar waya da ƙwan fitila na LED duk suna zuba hayaniya. Sa batir, kashe komai, ka ji bambanci. Zamewar kuma zafi ne. Sa kafasita NP0, irin wadda zafi ba ya canza ta, a osileta, ka ɗiga kakin kyandir a kan kwayil, ka bar ta ta ɗumama kafin ka taɓa saiti.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Jiya bayan Isha'i da aka ɗauke wuta na hau soro da batir, ƙugin ya tafi. Na sami osiletar a 7.800, na sauko da ita. Abin takaici, zuciyar mai rawayan kai tuni na tsaga ta tun kafin in rubuto. Baba, in kana da tsohuwa a shago, zan shigo ranar Asabar insha Allah.

Mai gyaran rediyo, Fagge:
Akwai su cike da gwangwani. Taho da rediyon gaba ɗaya, mu saurara tare.