In bar hawan kaboyi in koma tsallaken shinge?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana doki. Shawara nake nema.

A Texas nake zaune, kuma na daɗe ina hawa irin na kaboyi: sirdi mai nauyi da ƙaho a gaba, likkafa dogaye, linzami sako-sako a hannu ɗaya. Yanzu tsallaken shinge ya shiga raina, na rasa tudun dafawa.

Can komai daban ne. Sirdin ƙarami, babu abin kamawa, likkafa gajeru, hannu biyu a linzami, kuma dole ka ɗaga daga sirdi idan doki ya tashi. Ni wannan zan iya koya. Damuwata goɗiyata ce, mai shekara 12, daga nau'in dawakin da ake kira Quarter Horse. An hore ta da juyawa da zarar linzami ya taɓa wuyanta, idan na ɗan riƙe bakinta sai ta tsaya cak. Malamin da na samu ya ce ƙananan shingaye ba za su gagare ta ba, amma fa shi kuɗin darasi yake karɓa.

Akwai wanda ya taɓa sake horar da doki a wannan shekarun? Ko in fara da dokin makarantar koyon hawa tukuna? Sayar da ita kam ba na so.