Ana iya hango abin da kwamfuta za ta yi nan da shekara 20?

Injiniya: Ni ina nan kan bakana, ana iya hangowa. A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya ce yawan tiransista, wato ƙananan makunnan lantarki da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai riƙa ninkawa duk shekara, a 1975 ya mayar da shi duk shekara biyu. Guntun ƙwaƙwalwar kwamfuta Intel 4004 na 1971 tiransista 2,300 gare shi. M1 na Apple a 2020 kuwa biliyan 16. Wane hasashe ne ya taɓa cika haka?

Malama: Ranka ya daɗe, ƙidayar tiransista daban, abin da za a yi da su daban. A 1965 ɗin nan dai Herbert Simon, masanin kimiyyar kwamfuta, ya ce cikin shekara 20 na'ura za ta iya duk aikin da mutum ke yi. 1985 ta zo ta wuce, ko kusa ba a yi ba.

Ɗalibi: Ku gafarce ni in sa baki. Gudun ƙwaƙwalwar kwamfuta ma ai ya taɓa cijewa. A 2004 Intel ta fasa fitar da ƙwaƙwalwar Pentium 4 mai gudun 4 GHz, zafi ya yi yawa. Daga nan aka koma jera ƙwaƙwale biyu, huɗu, takwas a guntu ɗaya.

Injiniya: Yauwa ɗana, ka ƙara mini hujja. Hanya ta toshe, aka bi wata, ƙarfin bai daina hauhawa ba.

Malama: To wa ya faɗi hanyar tun kafin a bi ta? Nan nake so ka tsaya, Injiniya. Maganar Moore ta cika ne domin kamfanoni sun mayar da ita ma'auni, suna tsara aikinsu a kanta, suna zuba kuɗi don kada a bar su a baya. Yau injin da ke zana tiransista mafi ƙanƙanta, kamfani ɗaya tak ke ƙera shi, ASML na ƙasar Holan. In ya yi tuntuɓe fa? Sannan dubi katin sarrafa hoto na kamfanin Nvidia. Don wasannin bidiyo aka yi shi, amma a 2012 da guda biyu kacal aka horar da manhajar AlexNet, ta yi wa sauran manhajojin gane hoto fintinkau. Lissafinka bai nuna wannan ba.

Injiniya: Bai ambaci sunanta ba, na yarda. Amma ba don ƙarfin da ya yi alkawari ba, da me za a horar da ita?

Malama: Ƙarfin ban musa maka ba. Ka faɗa mana aiki ɗaya takamaimai da kwamfuta za ta iya nan da shekara 20, mu rubuta mu ajiye.