Ƙaidaji ya cinye mini bakin fadama, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina da fadama a bakin kogi inda nake noman shinkafa. Ƙaidaji ya mamaye gefen da ruwa ke kwanciya, har hanyar mashayar dabbobi ta toshe. Da rani na sare shi na cinna masa wuta, damina na faɗuwa ya dawo fiye da da. Don Allah wanda ya san kansa ya taimaka.

Wani manomi: Wa alaikumus salam. Ka tabbata shi ne? Mai ƙaya a reshe har da ƙashin ganye, furensa dunƙule-dunƙule ruwan hoda, in ka taɓa ganyen sai ya naɗe a hankali?

Mai tambaya: Shi ne, yaya.

Malamin gona: Sannu ɗan'uwa. Masana na kiransa Mimosa pigra, dangin wake ne, asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka. Naɗewar nan kuwa, akwai ɗan kumburi a gindin kowane ganye, in an taɓa sai ruwan cikinsa ya janye, ganyen ya rufe. Amma abin da ke wahalar da kai 'ya'yansa ne. Ka duba kwanson, gashi-gashi ne, in ya bushe ya kakkarye gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya, tana yawo a kan ruwa har ambaliya ta ajiye ta a gonar wani. Ƙwayar kuma fatarta tauri gare ta, tana shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. Zafin wuta na fasa fatar waɗanda ke binne, ya kuma kashe ciyawar da ke danne su, shi ya sa ya dawo maka da ƙarfi. Haka ya cinye makiyaya a fadamar Kafue ta Zambiya da arewacin Ostiraliya.

Wani dattijo: Yaro, sara sama-sama aikin banza ne, kututturen tohowa yake. Tone gindin ka datse shi ƙarƙashin ƙasa, zurfin faɗin tafin hannu. Ka yi tun yana fure, kafin ya zuba 'ya'ya. Ƙananan kuma ka tuge su ƙasa na da danshi.

Wata mai kiwo: Gaskiya ne Baba. Mai fadama, ka lura da dabbobinka ma, gaɓoɓin nan na maƙalewa a gashinsu da laka a kofatonsu.

Malamin gona: Kuma kada ka bar wurin fili bayan ka tone, ƙananansa ba sa jure inuwar ciyawa mai kauri. Ka yi magana da maƙwabtanka na saman kogi ku yi gayya tare, don daga wajensu ruwa ke kawo maka iri duk shekara.